Masu tafiya da masu komowa: abin da silimar ƴan ƙasa ta gani

Dabaga tana bisa hanyar da ta fito daga Agadas ta shiga duwatsun Abzin, kamar kilomita 45 arewa maso gabas da birnin. Ƙoramar Telwa ce ke rayar da ita. Ruwa ba ya gudu cikin ƙoramar sai an yi sama bisa duwatsu, kwanaki kaɗan cikin damina, amma abin da yashi ya sha shi ne rijiyoyi ke bayarwa har shekara ta kewayo. Da wannan ruwa ake noman albasa, da dankalin turawa, da tumatir, da tafarnuwa, da alkama, da masara. A da raƙumi ko sa ke jan guga, irin dabarar nan da Abzinawa ke kira tekarkart. Yau injin ban-ruwa ya karɓe aikin a garake da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da 20.000 cikin ƙaramar hukumar Dabaga.

Amma ba kowane saurayi garka ke riƙewa ba. Ƙasar noma a bakin ƙorama siririya ce, magada kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Shekarar da albasa ta yi kuɗi, kowa na murna. Shekarar da ta faɗi a kasuwar Agadas, ko kuɗin man inji ba ya fita. Ga kuma ambaliya: a farkon watan Satumba na 2009 Telwa ta yi cikar da ta cinye garake da rijiyoyi a Dabaga, ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Saboda haka tafiya biɗa ba baƙon abu ba ce a Abzin. Kakanni sun bi ayarin gishiri zuwa Bilma, sun gangara Damagaram da Kano. Iyaye sun tafi Arlit aikin uraniyom, ko Tamanraset, ko Libiya. Tawaye biyu, na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, sun fitar da iyalai daga ƙauyukansu ba da son ransu ba. Tun 2014 kuma samari suka sami sabuwar alƙibla, wato ramukan zinariya na Jado da Cibarakaten.

Labarin tafiya kowa na ba da shi. Labarin komowa ne ba a cika faɗa ba. Wanda ya komo da tsaraba da rana tsaka yake shiga gari, yara na bin sa. Wanda ya komo hannu rabbana sai ya jira magariba ta yi. A 2011, da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubun dubatar ƴan Nijar suka biyo ta Dirku da Agadas, da yawansu ba su da komi sai tufafin jikinsu. Daga baya ga ayarin motoci masu sauke waɗanda Aljeriya ta koro a Asamaka. Irin waɗannan mutane ana yi masu barka da zuwa, a ba su ruwa, shi ke nan. Ba wanda ke tambayarsu abin da suka gani, su ma ba su faɗa.

To, jama'a masu karatu, akwai waɗansu ƴan ƙasa da suka yi wannan tambaya. Masu yin silima ne, kuma sun kusa shekara 60 suna yin ta.

Mene ne fim mai zaman kansa?

Fim mai zaman kansa shi ne wanda ba wani babban kamfani ya ce a yi shi don riba ba, ba kuma hukuma ta ce a yi shi don yabonta ba. Mutum guda ne abu ya dame shi. Sai ya rubuta, ya yi ta yawon neman taimako, ya ari kayan aiki, ya tara mutum huɗu ko biyar, su tafi. Sau da yawa ba a ɗauko gwanayen wasa. Mutanen gari ne ke fitowa da fuskarsu da harshensu, a gidajensu da gonakinsu. Wani fim ɗin wasa ne da aka tsara, wani kuwa na gaskiya ne, ana bin mutane da na'urar ɗaukar hoto suna harkarsu. Kuɗin aikin galibi daga waje yake zuwa, daga asusun taimako na Faransa da waɗansu ƙasashe, wannan kuwa yana da nasa aibi da za a gani a gaba.

Tsohon soja ya komo Yamai

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935. Bai kai shekara 18 ba ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, ƙasar da Biyetnam ke cikinta yau. Ya komo gida a 1955, bai sami aiki ba. Sai ya sake ɗaura kaya ya tafi Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Can Bafaranshen nan Jean Rouch ya gamu da shi, ya sa shi cikin fim ɗinsa mai suna Moi, un Noir, wanda ya fito a 1958. Fim ɗin ya yi suna ƙwarai a Faransa. Ganda kuwa bai gamsu da yadda aka nuna shi ba, don wani ne ya riƙe na'ura, wani ne ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke.

Da ya koma Yamai ya koyi aikin a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, sai ya yi nasa. Sunansa Cabascabo, minti 45 ne, hoto baƙi da fari, da harshen Zabarmanci. An nuna shi a babban bikin silima na Kan, a Faransa, a 1969. Ganda da kansa ya fito a tsohon sojan.

Ga labarin. Soja ya komo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Dangi da abokai suka tarye shi, maroƙa suka yi ta kirari. Ya yi ta rabo, ya yi ta kashewa a mashaya da wurin mata. Yana ba da labarin yaƙi, masu saurare kuwa idonsu na bisa aljihunsa. Ran da kuɗi suka ƙare sai wuri ya watse. Ya nemi aiki irin na mai kaki bai samu ba. Ya shiga leburanci, sai ga shi yana karɓar tsawa, shi da ya saba a ƙame masa. Zuciyarsa ta ƙi ɗauka. A ƙarshe ya juya wa birni baya, ya saɓa kayan aiki a kafaɗa, ya nufi karkara.

Ganda bai ce karkara aljanna ba ce. Bai nuna mutumin ya yi arziki ba, bai nuna ma ya isa ba. Abin da ya nuna shi ne ciwon da ba a gani: mutum ya je ya ga mutuwa a yaƙin da ba nasa ba, ya komo, gari bai da wurin aje shi sai wurin mai rabon kuɗi. Duk wanda ya taɓa ganin saurayi ya komo daga Jado da sabon babur, bayan wata 3 ya sayar da shi, zai gane Cabascabo ko da bai jin Zabarmanci. Shi kuwa Ganda, ana iya cewa fim ɗin ne maganinsa. Labarin da aka taɓa bayarwa a madadinsa, ya karɓe shi ya ba da shi da bakinsa. A 1972 wani fim nasa, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, shi ne mutum na farko da aka ba ta. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981. Babban gidan raya al'adu na Yamai sunansa yake ɗauke da shi.

Kafin Ganda, Moustapha Alassane ya riga ya taɓa wannan magana, amma shi da dariya ya zo. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi, Jimi, ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, da takalma, da bindigogi. Ya raba wa abokansa. Kowa ya yar da sunan da ubansa ya raɗa masa ya ɗauki na silima, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu, har wasa ya zama jini. Zalika Souley, wadda ta rasu a 2021, tana cikinsu, ta kuma fito a Cabascabo. Fim ɗin minti 34 ne kawai, amma tambayarsa ba ta tsufa ba: wace irin tsaraba matafiyi ke kawowa cikin kansa, ban da ta cikin akwati? Alassane ya yi zamansa a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015.

Zabayar da ta kore su ita ta je kiran su

Masu noman albasa na Dabaga sun san Galmi ko da ba su taɓa zuwa ba. Garin na bisa babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, sunansa kuma jar albasar nan ta ɗauka har ƙasashen gabar teku. Albasar Abzin ma tana samun kasuwa ne a watannin da ta kudu ta yi ƙaranci. A Galmi aka haifi Sani Magori a 1971. Ya yi karatun aikin gona a Aljeriya, daga baya ya koyi silima a Sanlui ta ƙasar Senegal. Daga nan gida ya koma ya yi fim.

Fim ɗin ya fito a 2008, sunansa Pour le meilleur et pour l'oignon. Sunan wasa ne da alkawarin auren turawa, an cire wuya an sa albasa a madadinta. Wani manomi ne ke son aurar da ɗiyarsa, amma ranar biki ba a hannunsa take ba, tana hannun albasa da farashinta. Ana ganin dashe, da ban-ruwa, da cira, da ciniki da masu saye, da lissafin da ba ya fita. Babu wani baƙo da ke bayani bisa kan mutane. Su ke maganarsu da Hausarsu. Manomin Dabaga da zai kalli wannan fim, ba zai bukaci a fassara masa ko kalma guda ta damuwar mutumin ba.

Na biyun shi ya fi shiga rai. Sunansa Koukan Kourcia, wato Kukan Kurciya, na 2010. A shekarun 1970 akwai wata zabaya a wannan yanki, sunanta Hussey. Muryarta ta yi tashe. Waƙoƙinta na zuga samari su tashi su tafi biɗa, su je gabar teku su nemo. Yabo na wanda ya tafi ne, wanda ya zauna kuwa ba shi da ta cewa gaban ƴan mata. Samari suka yi ta tafiya. Waɗansu sun komo, waɗansu kuwa Abijan ta riƙe su, shekara ta bi shekara. Mahaifin Sani Magori yana cikin waɗanda suka daɗe can.

Ɗa ba ya tsayawa gaban ubansa ya ce masa, baba, taso mu tafi gida. Kunya ba ta bari, ladabi ma bai yarda ba. Sai Sani ya yi dabara irin ta mutanen da. Ya je wurin zabaya, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta. Tunda bakinta ne ya tura su, bakinta ya kamata ya kira su. Tsohuwa ta yarda. Ta shirya sabuwar waƙa, suka kama doguwar hanya daga Nijar har Kodebuwa, na'ura na bin su. A can aka tara ƴan Nijar mazauna birnin. Mutanen da suka bar gida suna samari, yanzu ga furfura, suka zauna suna jin muryar da suka sani tun suna wasa a dandali. Muryar ita ce dai, maganar ce ta juya.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Abin da ya sa wannan fim ya fi wa'azin hana tafiya da aka saba ji a rediyo shi ne bai zagi kowa ba. Ya gane cewa ba yunwa kaɗai ke fitar da namiji daga gida ba, har da bakin mutane. Ya kuma gane cewa ba daɗin Abijan kaɗai ke hana shi komowa ba. Wanda aka yi wa waƙa ya tafi, da wane ido zai komo ba komi? In ya ƙara shekara guda, wataƙila ya samu. Haka shekara guda ke zama 20. Irin wannan mutum ba kuɗin mota yake jira ba. Jira yake gida ya aiko masa cewa a zo haka nan, an yafe tsarabar. Zabaya ce kaɗai ke iya faɗin wannan a bainar jama'a ba tare da kowa ya ji an ci fuskarsa ba, don ita ma tana da nata laifin da take wankewa.

A Abzin ba zabaya ke wannan aiki ba, amma akwai tende, akwai masu jita, akwai kuma hotunan da ake aikowa ta wayar salula: saurayi tsaye jikin mota mai tsada, wadda sau da yawa ba tasa ba ce. Ƙanensa na garka ya gani, fartanya ta yi masa nauyi.

Ɗiyar ma'aikaci ta koma Arlit

Fim ɗin da ya fi kusa da Dabaga a ƙasa shi ne na Amina Weira. Arlit na cikin jihar Agadas, kamar kilomita 240 arewa da birnin. Uraniyom ne ya kafa garin. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978, har aka rufe ta ran 31 ga Maris 2021. A wancan zamani ana ce wa Arlit Paris ta biyu, saboda wuta da ruwa da kantuna da albashi. Mutanen Abzin da na kudu duka sun je neman aiki.

Amina Weira can ta tashi, mahaifinta ma'aikacin ma'adinin ne har ya yi ritaya. Ta tafi karatu, ta koyi silima, sai ta komo da na'ura. Fim ɗinta ya fito a 2016, minti 54, sunansa La Colère dans le vent, wato fushi cikin iska. Uban ne jagoranta. Yana kai ta wurin tsofaffin abokan aikinsa, su zauna su yi hira: yadda aka yi aiki a shekarun farko ba a gaya masu haɗarin abin da suke taɓawa ba, da ciwace-ciwacen da suke fama da su, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ana ganin maƙera na sarrafa ƙarafan da suka fito daga ma'aikata, suna yin kayan amfanin gida da su. Ana ganin iska ta taso da ƙura ta rufe gari. Gubar uraniyom ba ta da launi, ba ta da wari, saboda haka ƙurar ce ta tsaya a madadinta.

A nan komowa gida ba hutu ba ce. Yarinya ta komo ta tarar garin da ta yi wasa cikinsa yana da wata fuska da ba ta sani ba tana ƙarama. Amma ba ta zo da hannun nuni irin na baƙo ba. Ɗan jarida daga Turai zai yi kwana 3 ya tafi. Ita ƴar gida ce, dattawan nan sun san ta tun tana goye, shi ya sa suka saki baki. Akwai kuma abin da ya faru tsakaninta da uban, wanda ba a rubuta shi cikin takardar neman kuɗin fim: ɗiya ta zauna ta tambayi mahaifinta yadda ya ci da su, shi kuma ya amsa. Gidaje nawa ne a jihar nan aka taɓa yin wannan zama?

Mata biyu na Damagaram

Aïcha Macky ƴar Damagaram ce, an haife ta a 1982. A 2016 ta yi L'Arbre sans fruit, itacen da bai yi ɗiya ba, bisa rashin haihuwa. Ba labarin wata ta ɗauko ba, nata ne. Ta yi aure ba ta samu ba, ta sa kanta gaban na'ura, tana magana da mahaifiyarta wadda ta rasu wurin haihuwa, tana kuma zama da waɗansu mata masu irin damuwarta. Ta nuna yadda ake ɗora wa mace laifi tun ba a auna mijin ba. Fim ɗin ya ci kyautar fim na gaskiya mafi kyau a gasar silimar Afirka da ake yi a Najeriya a shekarar. A 2021 ta koma garinsu ta yi wani mai suna Zinder, cikin unguwar Kara-Kara, inda aka ware kutare a da, inda kuma samarin da ake kira ƴan fale suka yi ƙarfi. Gari guda ne, amma sai da ta girma ta tafi ta komo sannan ta taka wannan unguwa da niyyar saurare.

Rahmatou Keïta kuwa wasa ta tsara. Zin'naariya, na 2016, labarin Tiya ne, ɗiyar gidan sarauta da ta komo Damagaram hutu daga karatu a Faransa, zuciyarta na can wurin wani saurayi. Ba ta ci, ba ta walwala. Aka kai ta wurin zimma, mai magani irin na Zabarmawa, ya ce a jira tsayuwar wata. Cikin jiran nan take zama da iyaye mata da kakanni, kowace na ba ta labarin aurenta, da rabuwarta, da haƙurinta. Mai kallo zai lura cewa kafin wata ya tsaya, rabin maganin ya riga ya shiga ta kunne. Fim ɗin yana da kyan tufafi da kyan gine-gine, wani lokaci ma kyan ya yi yawa har ya rufe talaucin gari. Shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oskar ta Amurka, a 2018.

Jita a gindin masallaci

Akwai kuma waɗanda baƙi suka riƙe na'ura, ƴan Abzin suka ba da labari. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Tidan. Yana yaro tawayen farko ya kai iyalinsa Aljeriya. A tawaye na biyu aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, ya gudu Burkina Faso. Can wani Ba'amurke mai yin fim, Ron Wyman, ya same shi a 2009. Da ƙura ta lafa, a watan Janairu na 2010, Bombino ya komo Agadas ya yi wasa a gindin babban masallaci, da yardar Sarkin Abzin. Jama'ar da ta yi shekara biyu cikin dokar ta-ɓaci da tsoron nakiyoyi bisa hanya ta fito ta yi rawa a fili. Wyman ya ɗauki wannan dare cikin fim ɗinsa na 2010 bisa Agadas da kiɗa da tawaye. Fim ne da aka yi don mutanen waje su fahimta, shi ya sa bayani ya yi masa yawa, amma hoton daren ya isa a adana.

Wani Ba'amurken, Christopher Kirkley, ya yi biyu da harshen Tamajak tare da samarin Agadas. Na 2015 Mdou Moctar ne a ciki. Na 2017, Zerzura, labarin saurayi ne da ya bar gida ya bi sawun ɗan'uwansa, wanda ya shiga hamada neman wani birni na dukiya. An yi shi daidai lokacin da zazzaɓin zinariya ke kwashe samari, kowa kuwa ya san abin da ake nufi.

Wa ke kallo?

Ga aibin da aka ambata. Waɗannan finafinai an nuna su a Kan, da Toronto, da Wagadugu, an tafa masu, an ba su kyauta. Amma a ƙauyukan da suka haife su ba su da kasuwa. Wanda ya ba da kuɗi shi ake fara kai wa kaya. Yawancin gidajen silima na da, a Yamai da sauran manyan garuruwa, sun rufe tun da bidiyo ta shigo. Abin da ke yawo cikin wayoyin samari a Dabaga shi ne finafinan Kano, da na Indiya da aka juya da Hausa, da guntayen ban dariya. Ba laifi ba ne, mutum ya wuni yana ban-ruwa yana da hakkin ya yi dariya. Sai dai abin mamaki ne a ce ɗalibi a Faransa ya san Cabascabo, jikan tsohon soja a Abzin bai taɓa jin sunansa ba.

Harshe ma na da nasa. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto da Faransanci take, tana kuma wucewa da sauri, ko wanda ya yi lakwal sai ya yi da gaske. Amma wannan ba hujja ba ce ga duka. Finafinan Sani Magori biyu da Hausa suke. Na Aïcha Macky da na Amina Weira ma akwai Hausa a ciki. Mutanen Dabaga kuwa, ban da Tamajak, da yawansu na jin Hausar kasuwa. Na Ganda ne ke son tafinta, kuma tafinta a gefen majigi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan.

Hanya ma akwai ta. Tun farkon shekarun 2000 ƙungiyar silimar yawo da ake kira CNA ta riƙa shiga ƙauyukan Nijar da mota, da farin ƙyalle, da majigi, da janareto, ana kallo a fili kyauta, in an gama a ba jama'a lasifika su yi magana. Wannan maganar ta bayan fim ita ce ta fi amfani ga irin waɗannan labaru. Mutumin da ba zai taɓa cewa ga abin da ya same ni a Sabha ba, yana iya tashi ya ce, wannan sojan, abin da ya yi ba daidai ba ne, ko kuwa daidai ne. Kowa a wurin ya san ba sojan yake nufi ba, ba kuwa wanda zai ce masa komi.

Magajin gari, da ƙungiyoyin masu garake, da na mata, da malaman makaranta suna iya haɗa kai su nema. Izinin mai fim wajibi ne, don guminsa ne, kuma Sani Magori da Amina Weira da Aïcha Macky ƴan ƙasa ne, ba sai an bi ta Paris ba. Kayan aiki ba su fi ƙarfin ƙungiya ba: ƙaramin majigi, da lasifika, da batirin hasken rana, da bangon makaranta in an shafa masa farar ƙasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kwashe albasa, kafin sanyin duwatsu ya hana zaman waje, ko kuwa bayan ya sauka. A yi wa mata wuri nasu a gaba, don in an bar su a baya ba su gani, ba su kuma magana. Kukan Kurciya awa guda ne da ƴan mintoci. In an fara bayan lisha, da kallo da hira duka, kafin ƙarfe 11 kowa ya koma gida.